Dashen Ɓargo da Motsa Jikin Yara

 Jawabinmu na yau a kan yara ne masu amosanin jini, watau cutar nan da a ke kira sikila, da kuma wani magani nata mai suna dashen ɓargo. Tun da labarin wannan magani ya fara yawo ta rediyo da waya, iyaye daga Batsari da Ruma da Wagini, da na Safana da Runka da Zakka, su kan tambaya a ɗakin shan magani, wai shin da gaske ne ana warkewa? Gaskiya ne ana warkewa. Amma aikin ba ya ƙarewa ran da likita ya sallami yaro. Sau da yawa yaro ya kan komo gida jininsa ya gyaru, amma ƙafafunsa ba su iya ɗaukarsa. Saboda haka za mu bayyana muku ko mene ne dashen, da abin da ya ke raunana jikin yaro, da yadda za a mai da masa ƙarfinsa. Wanda ba shi da mai sikila a gida shi ma ya kasa kunne, gama yawancin abin da za mu faɗa yana da amfani ga kowane yaro da ciwo ya daɗe da kwantar da shi.

Inda a ke yin jini

Kowa ya san ɓargo, abin nan mai taushi da a ke samu in an fasa ƙashi. To, a cikin ɓargo Allah ya sa a ke yin jini. A nan akwai waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, su ne uwayen jini. Su ne kamar iri a wurin manomi. Daga gare su a ke samun ƙwayoyi iri 3. Akwai jajaye, masu kai iska ko'ina cikin jiki. Akwai farare, su ne sojan jiki masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Akwai kuma waɗansu mitsi-mitsi masu sa jini ya daskare in an yi rauni.

Jan ƙwayar mai lafiya kewayayyiya ce, mai laushi, tana kwana wajen 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa ta kan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ba ta kuwa wuce kwana 10 zuwa 20 sai ta mutu. Wannan shi ke kawo ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa, da ƙarancin jini, da idanu su yi ɗorawa.

Cutar gado ce. Ba maita ba ce, ba kuwa aikin iska ba ne. In an gwada jini a asibiti, a kan ce wannan AA ne, wannan AS, wannan SS. Mai AS lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da irin. In miji AS ne, matarsa kuma AS, to, kowane ciki da ta ɗauka akwai hatsarin 1 cikin 4 ya zo SS. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da irin, an kuma ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da cutar kowace shekara. Ba ƙasar da ta kai mu yawan masu ita a duniya.

Ko mene ne dashen ɓargo

Tun da ya ke a ɓargo ne aibin ya ke, sai likitoci suka yi tunanin a kawar da tsohon ɓargo a sa sabo. Kamar manomi ne da irinsa ya lalace, sai ya share gona, ya karɓo iri mai kyau daga wurin ɗan'uwansa ya shuka.

Wani likita na Amurka, Donnall Thomas, shi ya fara gwada wannan aiki ga mutane tun wajen 1957, har aka ba shi lambar girma ta Nobel a 1990. A 1968, a Minisota, aka yi wa wani jariri dashe da ɓargon yayarsa, ya rayu. A 1984 aka ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 8 a Amurka, wadda aka yi wa dashe domin sankarar jini, sai ga shi sikilar da ta ke da ita ma ta warke. Daga nan aka gane maganin yana yi wa sikila. A ƙasarmu, an fara yinsa a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, a Jihar Edo, ƙarƙashin Likita Nosakhare Bazuaye, ga wani yaro ɗan shekara 7. A 2024 kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa.

Ga yadda a ke yi. Da fari a kan gwada jinin 'yan'uwan yaro, waɗanda su ke uwa ɗaya uba ɗaya da shi, a ga wanda ɓargonsa ya dace. Kowane ɗan'uwa yana da rabon 1 cikin 4 na dacewa, kuma lalle kada ya zama shi ma SS ne. Mai AS yana iya bayarwa. Masu sikilar da su ke samun irin wannan ɗan'uwa ba su kai 1 cikin 5 ba. Yanzu a waɗansu asibitoci a kan karɓa daga uwa ko uba, amma hatsarinsa ya fi yawa.

In an sami mai bayarwa, sai a kwantar da maras lafiya, a yi kwanaki ana ba shi magunguna masu ƙarfi waɗanda za su kashe tsohon ɓargonsa. Sa'an nan a sa ɗan'uwan barci, a zuƙi ɓargo da allura daga ƙashin ƙugunsa. Wannan ba ya nakasa shi, gama cikin 'yan makonni jikinsa zai mai da abin da aka ɗiba. Ɓargon nan sai a ɗura wa maras lafiya ta hanyar jini, daidai kamar ƙarin jini. Ba a fasa masa ƙashi, ba a yanka shi. Uwayen jinin da kansu su ke neman hanya su shiga ƙasusuwa, bayan mako 2 zuwa 4 su fara yin sabon jini.

Inda aka ƙware da aikin, in yaro ƙarami ne, ɗan'uwansa kuma ya dace sosai, fiye da 9 cikin 10 su kan rabu da cutar. Amma ku riƙe abu 4. Na fari, akwai waɗanda su ke rasuwa cikin aikin. Na biyu, magungunan nan suna iya hana haihuwa in yaro ya girma. Na uku, wanda ya warke har yanzu yana iya gadar wa 'ya'yansa irin, saboda haka gwajin jini kafin aure bai faɗi a kansa ba. Na huɗu, kuɗinsa miliyoyin naira ne, ba a kuwa yinsa a ɗakin shan magani ko ƙaramin asibiti. Duk wanda ya tare ku a kasuwa da kwalba ko ƙulli, ya ce wai maganinsa yana juya SS ya koma AA, kuɗinku ya ke so. Kada mutum ya sai da gona ko shanu sai ya zauna da likitan jini a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ya ji ko dashen ya kamaci ɗansa.

Abin da ya ke raunana jikin yaro

Bayan an kashe tsohon ɓargo, kafin sabon ya kama, yaro ba shi da sojan jiki ko kaɗan. Domin haka a kan keɓe shi cikin ɗaki shi da mai jiyya ɗaya, mako 4 zuwa 6, wani ma fiye. Ku duba, yaron da ya saba da tsakar gida da ƙofar gida, ga shi an tsare shi tsakanin gado da bango.

Tsokar jiki kuwa da aiki ta ke rayuwa. An auna an ga babban mutum lafiyayye, in ya yi mako ɗaya cur a kwance, ya kan rasa wajen kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsa. Abin da mako ɗaya ya ɗauke, sai an yi makonni kafin a mai da shi. Gaɓoɓi su kan sandare, musamman idon sawu, har agara ta taƙure, yaro ya kasa dafa diddige a ƙasa. Huhu ba ya buɗewa sosai ga wanda ya ke kwance, majina ta kan taru, ciwon haƙarƙari ya sami hanya. Ƙashi ma ya kan rage ƙwari in ba ya ɗaukar nauyi.

Ban da kwanciya, magungunan su kan sa gyambon baki da tashin zuciya, yaro ya ƙi abinci, jiki ya koma cin naman kansa. Akwai kuma wata wahala da ta kan biyo bayan dashe, watau sabon ɓargo ya ɗauki jikin yaron kamar baƙo, ya shiga yaƙi da fatarsa da hanjinsa da hantarsa. In abin ya daɗe, fata ta kan yi tauri, gaɓoɓi su ƙi miƙewa. Maganin da a ke ba da shi domin wannan, irin su firednisolon, shi kuma ya kan raunana tsokar cinya da ta ƙugu, har yaro ya kasa tashi daga tsugune sai ya dafa gwiwa. Ga shi kuma mai sikila tun asali bai cika ƙarfi kamar tsararrakinsa ba.

A da, likitoci da kansu su kan ce a bar maras lafiya ya huta kurum. Daga baya aka jarraba a asibitocin yara na Sifen da Jamus da Kanada, aka ga motsa jiki da aka tsara ba ya cutar da yaron da a ke yi wa dashe. A Farankfot ta Jamus an raba yara 70 kashi biyu, kashi ɗaya ana sa su motsa jiki suna kwance a asibiti, aka bayyana sakamakon a 2019. Waɗanda suka motsa sun fi sauran riƙe ƙarfin tafiyarsu. Yanzu a manyan asibitoci akwai ma'aikaci na musamman domin wannan, shi ne a ke kira likitan gashi.

Kafin a tafi asibiti

Wanda zai yi doguwar tafiya tun a gida ya ke ɗaure guzuri. Tun ran da aka sa ranar dashe, a fara sa yaro tafiya safe da yamma, gwargwadon ƙarfinsa, a kuma kyautata masa abinci: wake, gyaɗa, ƙwai, nono da aka tafasa, zogale, da ɗan nama in an samu. Ku roƙi likitan gashi ya duba shi tun kafin a kwantar da shi, ya ga iyakar tafiyarsa da miƙewar gaɓoɓinsa, ya kuma koya wa wadda za ta yi jiyya irin motsin da za a yi. Abin da yaro ya koya yana da sauran ƙarfi ya fi sauƙin yi ran da jiki ya mutu.

Sa'ad da yana asibiti

A nan likita ne mai iko. Kowace safiya a kan auna jinin yaro, daga nan a ke sanin abin da zai iya yi a ranar. In ƙwayoyin nan masu daskarar da jini sun yi ƙasa ƙwarai, ba tsalle, ba turereniya, ba ɗaga abu mai nauyi, domin ɗan bugu kaɗan yana iya sa jini ya tsiyaya a ciki. In jajaye sun yi ƙasa, zai gaji da wuri. Uwa ta tambaya kullum, yau me aka yardar masa?

Amma da wuya a sami ranar da ba abin da zai iya yi. Ko yana kwance, ya lanƙwasa idon sawu sama da ƙasa sau 10, ya naɗe gwiwa ya miƙe, ya ɗaga hannuwa bisa kai, ya matse ɗan ƙwallo a tafin hannu. Ya ja numfashi mai zurfi ya saki a hankali sau 5, a maimaita sau da yawa a yini. In ya iya zama, ya ci abinci bisa kujera, kada a bisa gado. In ya iya tsayuwa, ya taka zuwa bakin taga ya komo. Minti 5 ko 10, sau 2 ko 3 a yini, ya fi minti 30 a lokaci guda. A lura da siririn bututun nan da a ke sa masa a ƙirji domin ɗura magani, kada ya fizge.

Yaro ba ya son a ce masa yi kaza sau goma. Sai a mai da abin wasa. A ce ya miƙa hannu ya tsinko mangwaro, ya yi tafiyar raƙumi, ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe yana dafe da gado. In uwa ta yi tare da shi, zai yi.

Bayan an komo gida

Likitoci su kan so yaro ya zauna kusa da asibitin har wajen kwana 100 bayan dashe. Ko bayan nan, sojan jikinsa ba su cika ba sai an yi wata 6 zuwa shekara, wani ma fiye. Saboda haka a gida aiki biyu ne gare ku: ku motsa shi, ku kuma tsare shi daga ƙwayoyin cuta. Ga motsin da za a yi kullum, ba ya bukatar kayan da babu su a ƙauye:

1. Tafiya. Ita ce babba. A fara daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, da sanyin safiya bayan rana ta ɗan fito, da kuma bayan la'asar. In ya yi kwana 3 ko 4 yana yi ba wahala, a ƙara nisa kaɗan. Da takalmi kullum, tare da babban mutum.

2. Tashi da zama. Ya zauna bisa kujera ko benci, ya tashi tsaye, ya sake zama a hankali, sau 5 har a kai 10. In ya ƙware, a koma kujera 'yar tsuguno. Wannan shi ne maganin raunin cinya.

3. Ɗage. Ya dafa bango, ya ɗaga diddige ya tsaya bisa yatsu, ya sauka. Sa'an nan ya mai da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, ya karkata gaba har ya ji agara ta miƙe, ya ƙirga 20.

4. Hawa da sauka. Ya hau dakali gajere ko dokin ƙofa, ya sauko, ana riƙe da hannunsa.

5. Gada. Ya kwanta rigingine bisa tabarma, gwiwoyi a naɗe, ya ɗaga ƙugu sama, ya sauke.

6. Hannu da yatsu. Jefa ƙwallo da cafewa, tafi, 'yar carafke da duwatsun da aka wanke, dara, rubutu a allo.

Yadda za ku gane ko aikin ya yi masa daidai shi ne, in yana tafiya yana iya magana da ku, to, daidai ne. In haki ya hana shi magana, ya yi yawa, ya zauna ya sha ruwa. In gari ya waye ya tashi da gajiyar da ta fi ta jiya, a rage. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da a ke nema shi ne a kai minti 30 a yini, daga baya ya kamo tsararrakinsa, waɗanda ya kamata su sami awa ɗaya ta wasa da guje-guje kowace rana. Ku sami ɗan littafi ko takarda ku riƙa rubuta abin da ya yi kullum, ko da da zane ne, ku nuna wa likita ran komawa.

Langa da ƙwallon ƙafa da hawan keke da hawan jaki, sai likita ya ba da izini. Kokawa da dambe da hawan itace su ne na ƙarshe. Kada a ɗora masa tulu ko jarkar ruwa, ko dammin itace, ko farantin talla.

Wuraren da ba zai je ba

A ƙasarmu ta noma da kiwo nan ne wuyar ta ke. Cikin taki da ruɓaɓɓen kara da ƙurar rumbu akwai hunhuna, wadda ba ta yi wa mai lafiya kome, amma in ta shiga huhun wanda aka yi wa dashe tana iya kashe shi. Saboda haka ba shi ba wurin sussuka da shiƙa, ba shi ba rumbu, ba turken awaki, ba garke, ba akurkin kaji, ba wurin da a ke rushe gini ko kwaɓa ƙasa. In za a yi shara, a yayyafa ruwa, a kuma kawar da shi tukuna. Ran da hunturu ya busa da ƙura, ya yi motsinsa cikin ɗaki.

Kada ya shiga kududdufi ko rafi, gama akwai tsargiya da cututtukan ciki. Kada ya zauna cikin rana tsaka, domin zafin rana ya kan ta da ciwon fatar nan da muka ambata. A sa masa riga mai dogon hannu da malafa. Kasuwa da gidan biki da makaranta sai likita ya yarda. In wani yaro a unguwa yana ƙyanda ko ƙarambau ko tari, kada su haɗu. Amma kada ku kulle shi shi kaɗai kamar mai laifi. Aboki ɗaya ko biyu masu lafiya, da suka wanke hannu da sabulu, su zo su yi wasa da shi a tsakar gida. Kaɗaici ma ciwo ne ga yaro.

Ruwansa a tafasa, abincinsa ya zama sabon dafuwa, ya kwana cikin gidan sauro kowane dare. Rigakafin da aka yi masa yana jariri ya tafi tare da tsohon ɓargo, za a sake masa daga farko bisa tsarin likitansa. In masu rigakafi sun zo gida, ku nuna musu takardarsa ta asibiti kafin a ba shi kome.

Alamun da za a tsaya a nemi likita

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, a bar motsa jiki, a tafi asibiti a ranar: zazzaɓi, watau ma'auni ya nuna 38 ko fiye, haɓo, ko jini a dasashi ko a fitsari ko a bayan gida, ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar, jiri ko suma, sababbin ƙuraje, ko tafin hannu ya yi ja, zawo mai yawa, idanu su yi ɗorawa, ko hannu ko ƙafa ta mutu farat ɗaya. Zazzaɓi ga wannan yaro ba a kwana da shi, ba a kuwa saya masa ƙwaya a kanti a jira gobe. Mun san hanyoyinmu na gefen dajin Rugu ba kullum su ke biyuwa ba, balle da dare. Domin haka tun kafin a komo gida a shirya: a sami ma'aunin zafin jiki, a riƙe lambar wayar likita, a san mai mota ko mai babur da za a kira, a ajiye kuɗin mai. In gidanku yana nesa da titi, ya fi kyau yaro ya yi watannin farko wurin dangi a Katsina ko Dutsin-ma ko cikin garin Batsari, kusa da asibiti.

Akwai kuma ɗingishi. In yaro ya fara kukan ciwo a ƙugu ko matsematsi ko gwiwa, yana ɗingishi, kada ku ce ragwanci ne. Sikila da firednisolon duka biyu suna iya hana jini isa kan ƙashin cinya, har ƙashin ya mutu ya lotsa. Wannan ba targaɗe ba ne, ba aikin maɗori ba ne, ja da murza sai su ƙara ɓata shi. A ɗauke masa nauyi da sanduna, a kai shi a ɗauki hoton ƙashin. In abin ya yi nisa akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Haka kuma ba tsaga, ba ƙaho, ba sakiya, ba jiƙo, gama jininsa ba ya saurin tsayawa, kuma hantarsa tana fama da magunguna.

Ga sauran yaranmu

Mun sani yawancin masu sikila a ƙasar Batsari da Safana ba za su sami dashe ba. Wannan ba ya nufin ba abin yi. Yaron da a ke kai shi asibiti a kan kari, yana shan folik asid da maganin tsare zazzaɓin sauro, ƙarami kuma yana shan fenisilin, an cika masa rigakafi, yana iya girma ya yi karatu ya yi sana'a. Akwai kuma magani mai suna haidiroksiyuriya wanda ya ke rage tashin ciwon ƙwarai. Ku tambayi likita, kada ku saya da kanku.

Irin wannan yaro kada a hana shi wasa. Ya yi tafiya, ya yi wasa da 'yan'uwansa, amma ya sha ruwa kafin ya fara da bayan ya gama, ya huta da zarar ya ji gajiya, kada a sa shi tsere. A tsare shi daga dukan ruwan sama da wankan ruwan sanyi da zafin rana. Malamai na boko da na allo su san halinsa, kada a hore shi da tsallen kwaɗo ko kamun kunne, a kuma bar shi ya fita shan ruwa da fitsari. Ran da ciwo ya tashi ya huta, a ba shi ruwa da maganinsa, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Da ciwon ya lafa, a tashe shi ya fara takawa.

Haka nan yaron da ya tashi daga sanƙarau, ko ƙyanda mai tsanani, ko tamowa, ko karaya. Tausayi ya kan sa uwa ta riƙa goyon ɗan shekara 5, ta kai masa kome har shimfiɗa. Tausayin da ya fi amfani shi ne ta kama hannunsa su taka tare, yau zuwa bakin murhu, jibi zuwa zaure. Ku kuma iyaye maza, wannan aiki bai kamata a bar wa mata su kaɗai ba. Uba ya ɗauki tafiyar yamma a kansa.

To, jama'a, ga abin da za ku riƙe. Dashen ɓargo yana warkar da sikila, amma yana da hatsari da tsada, likitan jini ne kaɗai zai ce ya kamata ko bai kamata ba. Yaron da aka yi wa, ya motsa jiki kullum, kaɗan kaɗan, tun kafin dashe har bayansa. A tsare shi daga ƙura da taki da ruwan kududdufi. Zazzaɓi ko jini ko ɗingishi, sai asibiti. Samari da 'yan mata kuma su gwada jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, gama rigakafi ya fi magani. Wanda bai gane wani abu ba ya kawo wannan takarda ɗakin shan magani mafi kusa da shi, malamin asibiti zai karanta masa ya yi masa bayani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.